Inna kullum sai ta tambayi Baba, shi kuwa ya rasu: in faɗa mata ko in rufe?

Maman Walida, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa riƙe tsohon da ya rikice, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, ta haura shekara 80. Baba ya rasu a 2019, ta yi takabarta da hankalinta garau, ita ce ma take ba mu haƙuri a lokacin. Bayan nan ne mantuwa ta fara. Ta ɗora ruwan zafi ta tafi ta kwanta, ta ajiye carbi ta ce jikoki sun ɗauke. Kowa ya ce tsufa ne. Da abin ya yi yawa sai na ɗauko ta daga cikin gari na dawo da ita wurina a Ɗorayi, maigidana Allah ya saka masa da alheri shi ya fara kawo maganar.

Da safe ba ta da matsala sosai. Ta sha kokonta, ta yi hira, wani lokaci har ta tsokani yara. Amma da an yi la'asar sakaliya sai ta miƙe ta fara kai-komo a tsakar gida, tana faɗa wai Malam ya kusa tasowa daga Kwari ba a ɗora tuwo ba. Baba atamfa da shadda ya sayar a Kantin Kwari, kuma ya daina fita kasuwa tun da daɗewa kafin rasuwarsa. Sai ta tsare ni da ido ta ce, "Ke, Malam bai dawo ba?"

Da farko gaskiya nake faɗa mata, in ce Inna ai Baba ya rasu, sai addu'a. Wallahi duk ranar da na faɗa, sabuwar mutuwa ce a gidan nan. Ta ɗora hannu a ka ta yi ta salati, ta ce yaushe, me ya sa aka kai shi ba ta yi masa kallon ƙarshe ba, wane irin 'ya'ya ne mu. Ta cire 'yan kunne da awarwaro ta ce takaba za ta shiga. Ranar ba ci ba sha, ba barci. Gari na wayewa ta manta, yamma na yi ta sake tambaya.

Yanzu abin da nake cewa shi ne, "Bai dawo ba Inna, ki ci naki." Sai ta ɗan yi mita ta ci. To ranar Juma'ar da ta wuce Yaya, babban wanmu, ya biyo bayan an sauko daga masallaci, ya daɗe har yamma, ya ji ni. Ya kira ni soro ya ce ƙarya nake shirga wa uwata da furfurarta, in ji tsoron Allah, idan ta cika tana jiran mutumin da ke kabari alhakin a wuyana yake. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ma ina jin tausayinsa, don shi ne ɗan fari, tun da muka taso ba mu taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "yaron nan" take cewa har ya yi jikoki. Yanzu gatsal take kiran sunan, har na Baba ma. Ranar da ya fara jin haka sai da ya fita waje ya share hawaye.

Tambayata ta farko ke nan: zunubi nake kwasa ko kuwa? Ta biyu kuma salla. Takan yi Magariba sau biyu ko uku, wani lokaci raka'o'in su wuce, wani lokaci ba alwala. In tsayar da ita in gyara mata, ko in ƙyale ta? Ba mu kai ta asibiti kan wannan ba, maganin hawan jininta kawai muke saye a kemis.

Abu Hanif

Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, mutum lafiya lau da safe, yamma na yi ya birkice? Wannan ai ba sai an faɗa ba, lokacin fitowar mutanen ɓoye ne. Ku nemi mai ruƙiyya na ƙwarai. Allah ya ba ta lafiya.

Nas daga Kaduna

Maman Walida sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, fatawa sai malamai, amma bari in faɗi ɓangaren da na sani.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar mantuwa, wadda a gida muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba dole ne kowane tsoho ya yi shi ba, ke ma kin san masu shekara 90 da ke lissafa miki jikokinsu da ranar sunan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzaima, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayyana shi a 1906. Akwai kuma wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, shi ya sa da kika ambaci hawan jini na ɗaga kunne. Maganin da ake saye a kemis shekara da shekaru ba a auna jinin ba, ba a san ko yana aiki ba.

Dalilin da ya sa ta riƙe Kwari ta saki 2019 kuwa, ciwon daga sabon abu yake fara ci. Kamar rumbu ne da ake ɗiba ta sama, hatsin bana ke fara ƙarewa, na shekarun baya yana can ƙasa. Wurin da ke ajiye sabon labari a ƙwaƙwalwarta ne ya lalace, don haka ko sau dubu kika faɗa mata ba zai zauna ba. Abin da ke zama shi ne baƙin cikin. Za ta manta abin da aka ce, amma ƙuncin ya bi ta har dare ba ta san daga ina ya zo ba. Ni dai a aikina ban ga amfanin a riƙa sa tsohuwa sabon zaman makoki kullum ba.

Malam Abu Hanif, rikicewar yamma sananniya ce ga masu wannan ciwo a ko'ina, har a ƙasashen da ba su san zancen mutanen ɓoye ba. Gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara yi wa ido gizo, ga agogon barci na jiki ya karkace. A wurin Inna kuma akwai ƙari: shekara nawa ta yi wannan lokacin shi ne na ɗora sanwa da jiran maigida? Jikinta bai manta ba.

Don haka ki riga ta. Kafin lokacin ya yi ki ba ta aiki a hannu, tsince wake, gyaran zogale ko tankaɗe, ki ce Inna taimaka mini kar dare ya yi. Ki kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba, mai caji ko ta sola tunda wutar ba tabbas. A rage ƙarar talabijin da guje-gujen yara a lokacin. Idan tana cin goro ko shan shayi mai ƙarfi, a bar mata su da safe kawai. Ta riƙa zama a hantsi, kar ta wuni a ɗaki tana gyangyaɗi. Idan ta tambayi Baba, ki biyo ta hanyarsa: Inna wace miya Malam ya fi so, yaya aka yi ya fara kasuwanci a Kwari. Sau da yawa kewa ce ko tsoro ke fitowa a siffar tambaya, da an yi hirar mutumin sai hankali ya kwanta.

Asibiti kuwa ku je, kar ku jinkirta. Na san mutanen Kano da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai su tuna asibitin masu taɓin hankali na Dawanau su ce uwarmu ba mahaukaciya ba ce. Ku fara da likitan da ke duba hawan jini, ko ku je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a tura ku wurin da ya dace. A auna jini da suga, a duba bitamin B12 da aikin ƙullutun wuya mai kawo maƙoƙo, don ƙarancinsu na kawo mantuwar da ake iya gyarawa. A duba ido da kunne, tsohon da ba ya ji sosai rikicinsa ninkuwa yake. Likitocin tsofaffi zalla ba su da yawa a ƙasar nan, cibiyar farko ma sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, don haka ki rubuta duk abin da kike gani a takarda ki tafi da ita. Akwai magunguna irin donepezil da kan ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, amma ba sa warkarwa, duk wanda ya ce miki yana da mai warkarwa kuɗinki yake so.

Abu biyu da nake roƙonki. Kar a saya mata maganin barci a kemis don a samu a huta, yana ƙara rikita tsofaffi, yana kayar da su, karayar ƙugu kuwa a wannan shekarun ba wasa ba ce. Sannan duk ranar da kika ga ta birkice farat ɗaya fiye da yadda kika saba, ko barci ya yi mata yawa, ki zargi zazzaɓi, ciwon hanyar fitsari, rashin shan ruwa ko rashin bahaya. Wannan na gaggawa ne, ranar za a kai ta.

Almajiri daga Zazzau

Assalamu alaikum. Hajiya, ni ɗalibi ne, ki ƙara tuntuɓar malaman da ke kusa da ke, amma ga abin da na karanta.

Halin da Inna take ciki Alƙur'ani ya ambace shi. A Suratun Nahli aya ta 70 Allah ya ce daga cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Haka ma a Suratul Hajji aya ta 5. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga wannan. To abin da Allah ya faɗa cewa yana cikin halittar ɗan Adam, ba sai mun jingina shi ga aljani ko sammu ba. Ɗan'uwa Abu Hanif, karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi a tofa mata alheri ne, 'yarta ma za ta iya. Amma irin wadda ake danne mutum ana tsawa a kunne, ana turnuƙe ɗaki da hayaƙi, wani har da bulala, wannan a kan tsohuwa mai shekara 80 zalunci ne.

Maganar ƙarya. Abin da kike faɗa, bai dawo ba, gaskiya ne, bai dawo ɗin ba. Malamai suna kiran irin wannan tauriyya, a faɗi magana ta gaskiya wadda mai ji zai fahimce ta ta wata fuska, kuma sun halatta ta idan akwai buƙata ba don cin haƙƙin wani ba. Ki tuna wa Yaya ƙissar Ummu Sulaim da ke Bukhari da Muslim. Ɗansu ya rasu Abu Ɗalha ba ya gida, da ya dawo ya tambayi jikin yaro, sai ta ce ya fi kowane lokaci natsuwa. Ta kawo masa abinci ya ci, sai daga baya ta sanar da shi. Da labari ya kai ga Annabi bai zarge ta ba, albarka ya sa musu. Abu Ɗalha lafiyayye ne, shi ya sa daga baya aka faɗa masa. Inna kuwa an faɗa mata, ta yi kuka, ta yi takaba ta gama, haƙƙinta na sani an sauke shi tun 2019, kuma babu wata takaba a kanta.

Inda zan ja hankalinki shi ne kar harshe ya saba har a fara ƙirƙira, yana hanya, ya bugo waya, ya ce a gaishe ki. Wannan ya fita daga tauriyya, kuma zai iya sa ta tsaya a bakin ƙofa har dare.

Salla kuwa, hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Lokacin da take cikin hayyacinta ki tuna mata, ki taimaka mata da alwala, ki tsaya kusa da ita ku yi tare ta riƙa bin ki. Lokacin da ta rikice, ko raka'a bakwai ta yi kar ki katse ta, kar a yi mata dariya, kar a ce Inna ai kin yi. Ba a bin ta bashi. Mace ta shafe shekara sittin da wani abu tana kai goshi ƙasa, ki bar ta da abin da ta saba.

Shi kuma Yaya, ayar da ta hana cewa iyaye "tir" a Suratul Isra'i, aya ta 23, cewa ta yi idan tsufa ya riske su a wurinka. 'Ya'ya duka take wa magana, ba mace kaɗai ba.

Uwargida daga Maraɗi

Maman Walida, ina gaishe ki da aiki. Ni uwar mijina na riƙe har Allah ya karɓi abinsa, kuma nata ya fi na Innarku zafi, don ni ce ɓarauniyar gidan. Kuɗinta a lalita suke, ta ɓoye ƙarƙashin katifa ko cikin kwanon jere ta manta, sai ta fito tsakar gida ta ce matar ɗanta ta kwashe. Gaban baƙi, gaban 'ya'yana. Dangin miji kuma wasu suka yarda, har aka kai ƙarata wurin iyayena. Rantsuwa ba ta yi mini amfani ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi amfani shi ne na gane maɓoyanta, da ta fara sai in ce Hajiya tashi mu duba tare, in bar ta ita ta gano da hannunta. Maigida kuma ya riƙa sa mata 'yan canji a lalitar, manyan kuɗin ya riƙe.

Na yarda da Nas da Malam na Zazzau, sai dai wuri ɗaya. Akwai ranakun da hankali ke dawo musu tas. Tamu wani lokaci takan dube ni ta ce, "Alhaji ya rasu ko?" Ranar da tambaya ta zo a haka, ita ta kawo maganar da kanta, ban taɓa kauce mata ba. Nakan ce e Hajiya, ya rasu, kin yi masa takaba, mu yi masa addu'a. Sai mu ɗaga hannu, ta yi ɗan hawaye, shi ke nan. Ki saurari yadda ta yi tambayar kafin ki amsa. Mai cewa bai dawo ba tana can shekarun baya, mai cewa ya rasu ko tana nan tare da ke, kuma in kika ruɗe ta a ranar za ta gane, ta daina yarda da ke.

Sannan ki shirya wa fita, don tana zuwa. Tamu ta taɓa saɓa mayafi da sassafe wai za ta gida, gidan ubanta take nufi a ƙauye, wanda ya rushe tun tuni. Kusa da tasha aka same ta ba takalmi, yara sun kewaye ta, wani har ya fara cewa mayya ce. Allah ya sa wani ɗan kabu-kabu ya shaida ta. Daga ranar na ɗinka lambar wayar maigida a gefen mayafanta duka, muka gaya wa mai unguwa da mai shayin bakin layi da masu kanti, muka ɗaga sakatar ƙofa sama inda hannunta ba ya kaiwa, muka rataya ƙararrawa. Mutane na jin kunyar a san tsohuwarsu ta rikice, to maƙwabcin da bai sani ba ba zai tare miki ita ba.

Hira kuma, ki gwada waƙoƙin daka da na gaɗa na zamaninsu. Tamu ta manta sunana amma ba ta manta baiti ɗaya ba, surorin ƙasa ma in an ja mata farko sai ta kai ƙarshe.

Batun Yayanku, ki yi haƙuri zan faɗa. Mai zuwa ranar Juma'a ya gaisa ya ajiye leda ba shi zai tsara miki amsar yamma ba. Kar ki yi musu da shi. Ki ce Yaya na ji, zo ka karɓe ni yamma ɗaya, daga la'asar zuwa safe, ka faɗa mata da bakinka. Ku zauna ku raba kwana da kuɗin magani tun yanzu. Ni ban samu mai karɓa ta ba, sai da hawan jini ya kama ni.

Maman Walida, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Nas, goro kam ba ya barin bakinta har bayan Isha'i, jiya na fara ɓoye na yamma, ta yi faɗa amma ta haƙura da dabino. Ƙanina ya ce zai kai mu asibiti ranar Litinin, na fara rubuta abubuwan a littafin makarantar Walida. Na tura wa Yaya abin da Malam na Zazzau ya rubuta, ya karanta ya ce zai tambayi limaminsu, bai ce ya yarda ba. Amma ya ce matarsa za ta riƙa zuwa Asabar ta kwana, shi kuma zai zauna Juma'a har Isha'i.

Hajiya ta Maraɗi, yaya kika yi da wanka? Inna ta fara ƙi, in na matsa sai ta ce ta yi tun da asuba, ga zafin Kano ya shigo. Ni kuma ba ta yarda in shiga bayi da ita, wai yaushe aka haife ni.